Massachusetts ko Virginia: wane reshen dangi ya fi sauƙin bi?

Hajiya, kin ce surukinki Ba'amurke ne, dangin mahaifinsa 'yan Massachusetts, na mahaifiyarsa 'yan Virginia, kuma duka biyun suna can tun kafin Amurka ta ɓalle daga Ingila a 1776. Kina son ki haɗa wa jikokinki salsalarsu, kina tambaya wane ɓangare ya fi sauƙin bi. Massachusetts ne, nesa ba kusa ba. A can mutum ake bi, daga haihuwarsa zuwa kabarinsa. A Virginia kuwa gona ake bi, sai ta hanyarta ake gano mai ita da magadansa.

Turawan da suka sauka Massachusetts masu ra'ayin addini ne, sun zo da mata da yara, suka zauna gari-gari kowanne da cocinsa. Tun 1639 hukumarsu ta sa dokar rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma kowane gari yana da magatakardan da aikinsa ke nan. Littattafan garuruwa da yawa sun tsira, an ma buga su har zuwa shekarar 1850. Akwai kuma ƙungiyar binciken salsala a Boston da aka kafa tun 1845, tana tara irin waɗannan takardu har gobe.

Dubi gidan Adams. Henry Adams ya taso daga yankin Somerset na Ingila wajen 1638, ya zauna a Braintree, ya rasu a 1646. Ɗansa Joseph ya haifi wani Joseph, shi kuma ya haifi John, dattijon coci kuma manomi, wanda ya haifi John Adams a 1735, shugaban Amurka na biyu. Duk a gari ɗaya. Ko ta ɓangaren mata zaren bai tsinke ba: Joseph na biyu ya auri Hannah Bass, jikar John Alden da Priscilla Mullins, waɗanda suka zo Massachusetts a jirgin ruwan Mayflower a 1620 cikin fasinjoji 102. In dangin surukinki suka haɗu da zuriyar wannan jirgi, kin huta, domin ƙungiyar zuriyarsu, wadda aka kafa a 1897, ta riga ta tantance tsatso biyar na farko a rubuce.

Virginia labarinta dabam. An kafa Jamestown a 1607, kuma abin da ya riƙe mutane a can noman taba ne. Galibin masu zuwa samari ne marasa iyali, da yawansu sun sayar da aikin ƙarfinsu na wasu shekaru don a biya musu kuɗin jirgi. Suka warwatsu a gonaki bakin kogunan James da York da Rappahannock da Potomac, ba gari balle magatakardan gari. Limamin coci ne ke rubuta baftisma da aure, kuma yawancin littattafan nan sun ɓace. Sai a 1853 jihar ta fara rajistar haihuwa da mutuwa, wato fiye da shekara ɗari biyu bayan Massachusetts.

To me ake nema a can? Abu na farko takardar mallakar fili. Daga 1618 duk wanda ya biya kuɗin shigo da mutum ɗaya ana ba shi eka 50, kuma a kan jera sunayen waɗanda ya shigo da su a takardar. Sau da yawa nan ne kaɗai za a ga sunan kakan farko. Amma a yi hattara: mai filin ba lallai danginsa ba ne, kuma shekarar takardar tana iya zama shekaru bayan saukarsa. Na biyu wasiyya da shari'ar rabon gado a kotun gunduma. Ni a ganina babu takardar da ta kai ƙarar 'yan'uwa kan gado daraja, domin dole mai ƙara ya lissafa kowa, har da 'ya'ya mata da sunayen mazansu. Kamar dai a wurinmu, ranar rabon gona ake sanin 'ya'yan mamaci nawa ne. Wasiyyar ma tana da tarko: kafin 1785, in uba bai faɗi komai kan filinsa ba, babban ɗa ne ke gaje shi, don haka wani lokacin ba a ambatarsa sam, mai bincike ya zaci ba ɗan gidan ba ne. Na uku jerin masu biyan haraji, wanda jihar ta fara tattarawa shekara-shekara daga 1782. Za ki ga saurayi a ƙarƙashin sunan mahaifinsa, bayan wasu shekaru ya fito da sunan kansa kusa da shi. Da irin wannan ake ɗinke tsatso da tsatso.

Duk wannan in takardun suna nan ke nan. Lokacin yaƙin basasar Amurka wasu gundumomi sun kwashe kundayensu sun kai Richmond, babban birnin jihar, don tsaro, sai ga gobarar watan Afrilun 1865 ta cinye su a can. Hanover da Gloucester da James City suna cikin waɗanda abin ya shafa. Takardun ƙidayar jama'a ta 1790 na Virginia su ma sun salwanta.

George Washington kansa, shugaban Amurka na farko, bai tsira daga wannan duhu ba. Ya san layinsa a Virginia: John da ya zo a tsakiyar shekarun 1650, sai Lawrence, sai mahaifinsa Augustine. Amma da wani jami'in salsala na Landan, Isaac Heard, ya tambaye shi asalinsu a Ingila, ya amsa a 1792 cewa bai taɓa mai da hankali sosai kan batun ba. Sai a 1889 wani mai binciken salsala, Henry Waters, ya tono takardun da suka nuna gidan da John ya fito. Shugaban ƙasa ke nan mai dukiya da suna, ina ga zuriyar wanda ya zo aikin ƙodago.

Abu ɗaya ya haɗa ɓangarorin biyu: kalanda. Kafin 1752 sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take farawa, shi ya sa haihuwar Washington take 11 ga Fabrairu 1731 a tsohon lissafi, 22 ga Fabrairu 1732 a sabo. In kin ga yaro da shekarun haihuwa biyu, kada ki mai da shi yara biyu. Massachusetts kuma tana da nata ramin, wato yawan maimaita suna. Gari ɗaya sai ki tarar da John uku masu sunan gida ɗaya, kuma in yaro ya rasu a kan sa wa ƙaninsa sunansa. Salsalar da mutane ke liƙawa a intanet cike take da irin wannan gamin-gambiza, kowa yana kwafar na wani. Kada ki karɓi layin da ba a faɗi takardar da ta tabbatar da shi ba.

Ba ki faɗi ko surukin naki baƙar fata ba ne, kuma hakan yana sauya komai. Ƙidayar 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci, bayi kuwa sai a 1870, bayan an 'yanta su, sunayensu suka shiga. Kafin nan a wasiyya da lissafin dukiyar ubangidansu ake samunsu, da suna ɗaya da farashi. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ta uwa ake bin layin, uban sau da yawa ba a rubuta shi. A nan gwajin DNA yake taimakawa. A 1998 ya nuna cewa zuriyar Eston Hemings, ɗan baiwa Sally Hemings, jinin mazan gidan ubangidanta Thomas Jefferson ne, shugaban Amurka na uku, sai dai gwajin shi kaɗai bai iya ware wane namijin ba, sai da aka haɗa da takardun gidan.

Ki sa surukinki ya fara daga kansa ya yi baya, iyaye da kakanni, ta ƙidayar 1950 zuwa ta 1850 (ta 1890 ta ƙone a 1921, kada ya ɓata lokaci). Ya soma da reshen Massachusetts don hannunsa ya faɗa. Na Virginia kuwa, kafin ya kashe ko sisi, ya tambayi mahaifiyarsa sunan gundumar da kakanninta suka zauna, a duba ko tana cikin waɗanda kundayensu suka ƙone.