Sharhi a kan fim ɗin Queimada: tsibirin da aka ƙone saboda rake

Sau biyu na kalli fim ɗin Queimada na shekarar 1969, wanda a Amurka ake kira Burn!, da farko gajeren da aka fitar da Turanci, daga baya kuma na Italiyanci wanda ya fi shi tsawo da kimanin minti 20. Daraktansa shi ne Gillo Pontecorvo, ɗan ƙasar Italiya wanda a 1966 ya yi fim kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, kuma a nan ma abin da ya dame shi shi ne yadda mulkin mallaka ke sauya riga.

Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen tsibiri na yankin Karebiyan da ke hannun Fotugal, kuma ma'anar sunansa ita ce ƙonanne, domin Turawan farko sai da suka banka wa tsibirin wuta kafin suka ci galabar mutanensa na asali, sannan suka kawo bayi daga Afirka su noma rake. Marlon Brando ya fito a matsayin William Walker, ɗan leƙen asirin Birtaniya da aka turo ya zuga bayi su yi tawaye domin cinikin sukari ya kuɓuce wa Fotugal. Ya zaɓi wani ɗan dako a bakin tashar jirgin ruwa mai suna José Dolores, ya ci masa mutunci da gangan don ya gwada zuciyarsa, ya ja shi fashin banki, har dai Dolores ya wayi gari yana jagorantar rundunar bayi.

Wurin da fim ɗin ya fi ratsa ni babu harbi a cikinsa ko ɗaya. Walker ne zaune da masu gonakin rake yana yi musu lissafi cewa bawa ya fi ɗan ƙwadago tsada, saboda bawa dole a ciyar da shi yana yaro, yana jinya, yana tsoho, shi kuwa ɗan ƙwadago ana biyansa ladan aikinsa ne kawai a sallame shi. Wannan lissafi ba ƙage ba ne. Lokacin da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, iyayengijin bayi ta ware wa diyyar fam miliyan 20, bayin ba su sami ko kwabo ba, aka kuma tilasta wa yawancinsu ci gaba da aiki a gonakin da sunan koyon sana'a har 1838. Haiti ma, da ta ƙwaci kanta da ƙarfin tuwo a 1804, sai da Faransa ta ɗora mata biyan faran miliyan 150 a 1825. Saboda haka da na ga Dolores ya ajiye makamai bayan an nuna masa cewa ba shi da kasuwar da zai kai sukarinsa, na san daga inda marubutan suka ɗebo ruwansu.

Bayan shekara 10 Walker ya dawo, wannan karon a matsayin ma'aikacin kamfanin sukari, don ya murƙushe mutumin da ya horar da hannunsa. Ana ƙona gonaki da ƙauyuka, ana korar mata da tsofaffi daga duwatsu, ana sakin karnuka a kan masu gudu daga wuta, kuma kiɗan Ennio Morricone mai ganguna da amshin muryoyi yana sa abin ya yi wa mai kallo nauyi a ƙirji.

Evaristo Márquez, wanda ya fito a matsayin Dolores, bai taɓa yin fim ba kafin wannan. Makiyayi ne daga San Basilio de Palenque a Kolombiya, garin da bayi da suka gudu daga kangi suka kafa, kuma a kusa da nan, a birnin Kartahena, aka ɗauki yawancin fim ɗin kafin a ƙarasa shi a Maroko. Maganarsa ba ta da santsin ta ƙwararru, amma kallon da yake yi wa Walker a daren da za a rataye shi, bayan ya ƙi guduwa duk da an yanke masa igiya, ya isa shaida cewa daraktan bai yi zaɓen tumun dare ba.

Inda na saɓa da fim ɗin shi ne yadda ya sa Bature ya zama mai kunna wutar tawayen, kamar dai bayi na jiran baƙo ya zo ya koya musu ƙin bauta. Tarihi bai nuna haka ba. Bayin Haiti da kansu suka shirya borensu na 1791, Sam Sharpe da ya jagoranci na Jamaika a 1831 bawa ne, kuma a Bahiya ta Barazil, wadda ita ce ainihin ƙasar rake ta Fotugal, bayi Hausawa ne suka kitsa makircin tawaye na 1807. Kyamara ta fi bin Brando, shirye-shiryen mayaƙan a cikin duwatsu kuwa kaɗan muke gani, matansu ma kusan ba sa magana. Akwai kuma matsalar cewa Fotugal ba ta taɓa mallakar tsibiri a Karebiyan ba. Sifaniya aka nufa tun farko, aka sauya saboda gudun fushin gwamnatin Franco, mai mulkin Sifaniya a lokacin, shi ya sa sunaye irin su Sanchez da Dolores ba su dace da wurin ba.

Duk da haka ina ba da shawarar a neme shi, musamman dogon, ko da yake a cikinsa wani ne ya ɗora murya a kan ta Brando. Gajeren yana tsallake wasu bayanan siyasa har tsakiyar labarin ya zama a daddatse. Ba fim ba ne na kallo da ƙananan yara, domin akwai kisa da tsiraici, kuma yana buƙatar haƙuri a rabin farko, amma wanda ya jure zai kai ga ɗan dako na biyu da ya tari Walker a bakin tasha yana neman ɗaukar masa kaya.