Insomnia Coach: manhajar masu farkawa cikin dare, da inda take cin karo da rayuwar Kano

Wanda ke farkawa ƙarfe biyu na dare, ido ya bushe har ladan ya yi kiran assalatu, irinsa aka yi wa Insomnia Coach. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ce ta fitar da ita. Kyauta ce a Android da iPhone, babu talla, kuma ba sai ka yi rajista ba. An gina ta a kan hanyar da likitoci ke kira CBT-I, wato gyaran ɗabi'a da tunani game da barci, wadda ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawara a 2016 cewa da ita za a fara kafin a kai ga ƙwaya.

Mai neman abin da zai danna barci ya kwashe shi, ba nan ba ne. Shirin na mako 5 ne, kuma yawancin aikin da safe ake yinsa. Kullum za ka cike bayanin daren jiya: lokacin da ka kwanta, mintin da ka ɗauka kafin barci ya zo, sau nawa ka farka, tsawon zaman da ka yi ido biyu, da lokacin tashi. Kintace ake so. Duba agogo cikin dare yana ƙara tayar da hankali.

Amfaninta na gaske yana cikin lissafin da take fitarwa. A ce ka kwanta ƙarfe 10, ka tashi ƙarfe 5, amma barcin awa 5 ne kawai. Minti 300 ke nan cikin 420, kashi 71 cikin 100, alhali ana son kashi 85 zuwa sama. Abin da wannan hanya ke cewa yana ba mutane mamaki: rage zaman gado. Ka bar lokacin tashi yadda yake, ka jinkirta kwanciya zuwa wajen 11:30. Barci zai taru ya yi nauyi, farkawar ta ragu. In lissafin ya haura kashi 85 na tsawon mako, sai a ƙara minti 15 a zaman gado. Ba a sauka ƙasa da awa 5. Makon farko akwai gyangyaɗi da rana sosai, kuma a nan mutane da yawa ke sarewa.

In ka farka kuma fa? Da ka ji kamar minti 20 sun wuce, sauka daga gado, ka zauna a tabarma ko falo cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka karanta wani abu mara tayar da hankali. Sai barci ya fara fizgarka ka koma. Dalili shi ne kada ƙwaƙwalwa ta saba haɗa gado da juye-juye. Manhajar tana da darussan jan numfashi da sassauta gaɓoɓi, amma ka koye su da rana. Buɗe waya ƙarfe biyu na dare, ƙarshenta WhatsApp ne.

Matsalarta a Kano ita ce ta ɗauka barci tashi ɗaya ake yinsa. Mu kuwa da yawa muna tashi sallar asuba mu koma. Mafita ita ce ka riƙa ɗaukar asuba a matsayin lokacin tashi, barcin bayanta ka shigar da shi a matsayin na rana, kuma kada ka canja tsarin, in ba haka ba lissafin zai rikice. A watan azumi, ga tahajjud ga sahur, gara a dakata har bayan sallah.

Sannan ba ta san zafin Afrilu ba, lokacin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, gumi ya jiƙa matashi, sauro na kuka a kunne, janaretan maƙwabci na ruri. Wannan aikin gidan sauro ne da fanka mai caji. Tana maganar kofi, amma namu shayi ne da goro da lemon ƙara kuzari, dukansu da kafeyin a ciki, sinadarin da ke hana barci, wanda rabinsa yana nan a jiki bayan kamar awa 5. Shayin bayan isha'i a teburin mai shayi yana iya zama shi ne mai tashinka. Kuma komai da Turanci yake, babu Hausa, abin da zai hana iyayenmu da dama amfana sai da mai karanta musu.

Mai farfaɗiya, mai lalurar ƙwaƙwalwa irin ta hauhawa da faɗuwar yanayi, da direban doguwar tafiya kada su rage lokacin barci sai da sanin likita. In kuwa minshari mai ƙarfi da sarƙewar numfashi ke tashinka, ko yawan fitsarin dare, wanda ke iya zama alamar ciwon suga ko kumburin ƙullutun da ke ƙasan mafitsara (prostate) ga dattawa maza, ajiye wayar ka nufi asibiti, ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, a auna ka tukuna.