Wasiƙa daga Leeds: abin da kuɗin tikiti yake saya a filin kurket

Yayana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda kake tambaya ko da gaske ne na ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki domin kallon kurket, wasan da ƙungiya ɗaya take jifan ƙwallo ɗayar kuma tana bugunta da katako, wanda a gida ba mu san shi ba sai a talabijin. Gaskiya ne. Ƙungiyar Yorkshire, wadda nake goyon baya tun shekarata ta biyu a garin Leeds, za ta karɓi baƙuncin Surrey a filin Headingley a gasar gundumomin Ingila, kuma tun da ka ce in riƙa ba ku labarin yadda kaya da hidima suke a nan, ban ga wurin da ya fi wannan fili nuna bambancin ba.

Wasan kwana huɗu ake yi. Ana farawa da ƙarfe 11 na safe, a tashi cin abinci na minti 40 da ƙarfe ɗaya, lokacin da nake samun sararin yin Azahar, a sake tashi shan shayi na minti 20 da la'asar, sannan a ci gaba har wajen ƙarfe shida. Gasar ta samo asali tun 1890, ƙungiyoyi 18 ne a cikinta a rukuni biyu, kuma Yorkshire ce ta fi kowa ɗaukar kofin, sau 33, amma rabonta da shi tun 2015.

Tikitin yini ɗaya ya cinye mini kusan ladan aikin awa biyu, kuma a waya na saye shi ina zaune a ɗaki. A ƙofa za a duba jakarka, a haska lambar da ke wayarka, ka wuce ba tare da kowa ya taka maka ƙafa ba. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa wannan ya fi komai burge ni, sai na gane cewa wurin an tsara shi ne domin tsoho ya iya wuni a cikinsa: akwai ban-ɗaki mai tsabta da ruwa, akwai hanyar masu keken guragu, akwai tashar jirgin ƙasa ta Burley Park da ake takowa daga ita cikin 'yan mintuna. Idan ruwan sama ya sauko, ma'aikata sukan garzayo da manyan rufuna su lulluɓe tsakiyar fili, kuma idan ya hana wasa gaba ɗaya akwai ƙa'idar mayar wa ɗan kallo kuɗinsa, a rubuce tun kafin ya biya. Wannan ƙa'idar ita nake yi wa filayenmu kwaɗayi fiye da kujeru da fitilu.

Ta fuskar abinci kuwa, gida ya yi musu nisa. Shayin da ake sayarwa a kofin takarda tsararo ne, ba ya kama ƙafar na mai shayin bakin layinmu, ga tsada, kuma da kati ake biya. Sauran kayan soyayyen dankali ne da burodi mai nama a ciki, wanda dole in tsaya tambaya ko halal ne kafin in miƙa hannu. Duk lokacin da na tsaya a layin rumfar sai in tuna Ƙofar Mata ranar da Pillars take wasa, da mai rake da mai dafaffiyar gyaɗa da ƙamshin tsire, kowa yana ciniki yana raha, ana ta “Sai Masu Gida”. Su kansu Turawan sun san haka, shi ya sa tsofaffin 'yan kallo suke zuwa da guzurinsu. Ni ma na riga na tanadi filas da sauran kilishin da ka aiko.

Wani dattijo da muke yawan zama kusa da juna shi ya koya mini wasan. Yakan rufe gwiwoyinsa da bargo, ya buɗe wani littafi mai layuka, ya riƙa ɗiga alama da fensir a kan kowace jifa, tun safe har a tashi. Shi ya ce mini a Headingley kyaftin sama yake kallo kafin ya yanke shawarar ko ƙungiyarsa ta fara da jifa ko da bugu, domin idan hadari ya rufe, jar ƙwallon takan karkace a iska ta ruɗa mai bugu, idan kuma rana ta buɗe, masu jifa su sha wahala.

A kan wannan nake gina fatana. Surrey ƙungiya ce ta kudancin Landan mai kuɗi da yawan 'yan wasa, ita ta ɗauki kofin sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, kuma idan ta rasa gwani ɗaya tana da wani a ajiye. Mu kuwa manyanmu biyu, Joe Root da Harry Brook, suna ƙarƙashin kwantiragin hukumar kurket ta ƙasa, ba kullum ake sakar mana su ba. Wannan yana ci mini rai, domin ɗan kallo yakan biya cikakken kuɗi alhali waɗanda ya fi son gani suna hutu. Idan aka wayi gari da hadari kuma muka fara jifa, ina ganin za mu iya fitar da masu bugunsu na farko kafin abincin rana, wasan ya dawo hannunmu. Idan gari ya yi wasai, canjaras ma zan karɓa hannu biyu, tun da ana ba da maki a kansa.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan yi jinkiri kafin in ba ƙungiyar zuciyata, saboda ƙorafin wariyar launin fata da tsohon ɗan wasanta Azeem Rafiq ya fito da shi, wanda ya kai ga cin ta tara da zaftare mata maki 48 a 2023. Abin da ya zaunar da ni shi ne yaran Bradford, 'ya'yan 'yan Pakistan, da nake gani suna zuwa da iyayensu, da kuma wancan dattijo da ya taɓa riƙe mini jaka har na idar da salla.

Ana nuna wasan kai tsaye kyauta a YouTube, kuma a wannan lokaci na shekara agogonmu da naku ɗaya ne. Idan wuta da data sun ba ka dama, ka leƙa da ƙarfe 11, ka fara duba sararin sama, sannan ka nemi farar furen wardi a hular 'yan wasa, waɗannan su ne namu. A gaishe mini da Hajiya da yara.