Mayafin rufe shuka mai giram 30: ya isa ayaba a hunturun Ingila?

Farin mayafin nan mara nauyi da shagunan kayan aikin lambu ke sayarwa a Ingila don lulluɓe shuka, iri biyu ya fi yawa: mai giram 17 da mai giram 30 a kowace murabba'in mita. Ga mai ayaba irin Musa basjoo, wadda ta fi sauran jure sanyi, na 17 asarar kuɗi ne, iska ɗaya mai ƙarfi ta yaga shi. Na 30 ne abin saya.

Sai dai shi kaɗai ba ya fitar da kai. Sanyin da yake tarewa bai wuce digiri kaɗan ba, alhali gangar ayaba kusan duk ruwa ce, da zarar ta daskare sai ruɓa. Bayan sanyin farko ya baƙanta ganye, wajen Nuwamba, a sare ganyen, a kewaye gangar da ragar waya da tazarar kamar santimita 15, a cusa busasshen karan alkama a tsakani, sannan a naɗa mayafin sau biyu ko uku a ɗaure da igiya. Gindin kuma a jibga masa ɓawon itace.

Kyan mayafin, iska na ratsa shi. Leda ba ta haka, gumi take tarawa har gangar ta koma dagwalo. Aibinsa kuwa, ruwan sama na jiƙa shi, don haka dole a kifa wa saman kawai leda kamar hula. A kwance shi wajen ƙarshen Afrilu, a shanya kafin a ajiye.