Ƙwayar tazarar haihuwa ko robar mahaifa: wacce ta dace da mai hawan jini?

Tambayar nan ta ishe ni wallahi, kusan duk sati sai wata ta turo min, "Anti ina da hawan jini, ƙwaya zan sha ko roba zan saka?" To bari in faɗa sau ɗaya.

Ƙwayar da ake sha kullum mai sinadari biyu akwai istirojin a ciki (wani homon ne, wato sinadarin jiki mai sarrafa al'adar mace), shi kuma yana sa hanta ta ƙara fitar da abubuwan da ke daskarar da jini kuma yana iya ƙara hawan jinin kansa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce matar da awon jininta ya kai 160/100, ko ta haura shekara 35 tana zuƙar sigari sosai, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, kar ta taɓa ta don gudun shanyewar ɓarin jiki. Amma fa tana da araha, kemis ma akwai, tana daidaita al'ada, ranar da kika ga dama ki daina, sai dai mantuwa, kin tsallake kwana biyu shi ke nan lissafi ya rikice.

Robar jan ƙarfe babu ruwanta da homon ko kaɗan, ba ta shafar hawan jini ko suga, sau ɗaya ma'aikaciyar asibiti za ta saka miki ta kai shekara 10. Matsalarta jinin al'ada yakan ƙaru da ciwon mara musamman watannin farko.

Mai hawan jini ko mai yawan mantuwa, roba ta fi mata. Wadda ba ta da hawan jini amma al'ada ke zubo mata da yawa har jini ya yi ƙasa, ƙwaya ta fi, bayan an auna ta.