Tsohon katakon arz ko sabon suwaidi: ga wanda zan sake saya

Ƙanena, na ga tambayarka a kan akwatin tufafin amarya, ko ka yi shi da tsohon katakon arz ɗin da aka nuna maka ko ka sayi sabon suwaidi, wato farin katakon nan da ake kira da sunan ƙasar Sweden. Ɗauki tsohon, amma sai ka kankare shi da wuƙa kafin kuɗi ya bar aljihunka.

Nawa ƙyauren ƙofa ne. A 2022, lokacin da ake rushe unguwanni a nan Jidda, su Gulail da Petromin da Sabil, kayan gidaje suka cika harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo: tagogi, ƙofofi, azara, har da tukwanen mutane. Na je neman fanka ne, sai na ga ƙyauren an jingine shi, fenti kore duk ya ɓaɓɓake, ba wanda yake ko kallonsa. Da na ɗaga sai na ji bai kai nauyin da idona ya ba shi ba. Na sa 'yar wuƙata na fere gefensa, cikin ya fito ja-ja kamar ɓawon goro, ƙamshi ya bugi hancina, irin na sabon fensir idan an feƙe shi. Arz ke nan, wanda a Hausar littafi ake ce wa itacen al'ul.

Sati biyu na yi ina cire ƙusoshi bayan sallar isha'i. Wani kafinta ɗan Sudan da ke kusa da mu ya yanka mini shi ya goge, ni kuma na haɗa akwatin a saman bene. Yanzu shaddoji da lesussukan maiɗakina ne a ciki, da barguna biyu da ba ma taɓawa sai sanyin Janairu. Ranar da surukata ta buɗe shi, cewa ta yi wane irin turaren wuta ne muke ɓoye mata. Har yau asu bai taɓa ko zare ɗaya ba. Man da ke cikin itacen ne ke korar sa, shi ya sa ba a shafa wa cikin akwatin fenti ko wani mai. Idan ƙamshin ya yi sanyi bayan shekara ɗaya ko biyu, ka bi shi da samfefa mai laushi, zai dawo. Kuma itacen da ya yi shekaru a jikin gini ya gama bushewa, ya gama lanƙwashewar da zai yi, danshin Jidda ba ya tayar masa da hankali.

Suwaidi kuwa, to, katako ne. Yana da araha, yana nan a kowane shago, a miƙe yake ba ƙusa. Na taɓa yin kanta da shi, cikin shekara ta gantsare, gara kuma ta same ta ta baya. Ban sake ba.

Arz ma yana da halinsa. Laushi gare shi, farce ma yana yi masa tabo, don haka kada ka yi tunanin teburin cin abinci ko benci na yara da shi. Yana tsagewa a baki idan ka buga ƙusa kai tsaye, sai ka fara huda rami. Ƙusar ƙarfe ta yau da kullum tana zana masa baƙin layi idan danshi ya shiga, nemi sukurun da ba ya tsatsa. Kafin ka kai wa kafinta, bi kowane falle da mayen ƙarfe, domin guntuwar ƙusa ɗaya da ta ɓuya za ta karya masa haƙorin inji, kuma kai za ka biya. Ka rufe hanci wajen gogewa: ƙurarsa tana tayar da asma, tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a ciki. A waje za ka yi, ba inda yara ke wasa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu shafa wa suwaidi jan launi da ɗan mai mai ƙamshi su ce arz ne. Ƙamshin da ke fuska kawai ba shaida ba ne, ka fere ka shinshina cikin, in fari ne fat ka ajiye. Wani zai rantse maka daga tagogin Balad, tsohon garin Jidda, aka ciro shi don ya ninka kuɗi. Balad tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014, ba wurin da ake ɓalle katako a kai haraji ba ne, kuma yawancin tagoginta ma itacen saj ne, wanda Turawa ke ce wa teak, da aka kawo ta teku. Wanda ya fito daga tsofaffin gidajen Ɗa'if ko Baha galibi ar'ar ne, itacen da ke fitowa a duwatsun can, shi ma yana da ƙamshi kuma yana da kyau, amma idan ka gan shi ɗanye kada ka taɓa, an hana sare shi.

Duba ƙasan kowane falle, inda ya taɓa ƙasa. Idan sukudireba ta nutse, wurin ya ruɓe, a rage maka kuɗinsa. Ka sayi fiye da abin da awonka ya nuna, domin ni kusan sulusin ƙyauren ya tafi a ramukan ƙusa da tsagaggen baki. Idan bai isa ba, yi gindin akwatin da suwaidi, ba mai gani, ka bar arz ɗin a murfi da bangon ciki.