Injin buga Braille ko kwamfutoci masu karanta allo: wanne ofishin ɗalibai masu nakasa zai fara saya?

Malama, kin tambaya wanne za ki fara saya tsakanin injin buga Braille, wato rubutun ɗigo-ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa, da kwamfutoci masu karanta allo. Tunda kuɗin da aka ware wa ofishinku ba zai ɗauki biyun ba, ki sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka da sikana ɗaya mai kyau, ki bar injin buga Braille sai wata shekara. Duka biyun muna da su a ofishinmu na kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, kuma kwamfutocin ne ɗalibai ke yi wa layi.

Abin da ke mai da kwamfuta ta makaho ita ce manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo da murya. Wadda muke amfani da ita sunanta NVDA, kuma kyauta ce. Wani matashi makaho a Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo aikin, suka kafa ƙungiyar NV Access da ke kula da ita har yau. Tana aiki a kan Windows, tana karanta Word da Excel da imel da shafukan intanet. Har ana iya ɗora ta a kan filas, ɗalibi ya soka a kwamfutar laburare ta yi masa magana, ya gama ya cire abinsa. Akwai kuma JAWS, wadda ta girme ta, tun 1995 take kan Windows, manhaja ce mai ƙarfi, amma sai da lasisi, kuma kuɗin lasisin zai rage miki yawan kwamfutocin da za ki iya saya. Ga ɗalibin jami'a mai karatu da rubutu da bincike, NVDA ta wadatar.

Akwai wata ɗalibarmu ta fannin shari'a da nake tunawa duk sanda aka yi wannan tambayar. Ta rasa ganinta ne bayan ta girma, saboda haka ba ta taɓa koyon Braille ba, yatsunta ba su saba da ɗigon ba. Kafin ta zo wurinmu karatunta gaba ɗaya a hannun ƙawaye yake. Sai wadda ta sami sarari ta karanta mata, kuma da jarrabawa ta matso kowa na ta kansa, ita kuwa tana jin nauyin ta sake roƙo. Muka ba ta aron kwamfuta, wani ɗalibi makaho da ya riga ta ƙwarewa ya zauna da ita yana koya mata maɓallan: wannan zai karanta miki shafi daga sama har ƙasa, harafin H zai tsallaka da ke daga kanu zuwa kanu, wannan zai lissafo miki duk mahaɗan da ke shafin. Da farko muryar ta gundure ta, ta ce ba ta fahimtar komai. Kafin zangon karatun ya ƙare ta ƙara wa muryar sauri har ni da ke tsaye a gefenta ba na tsintar kalma ɗaya, ita kuwa tana bin hukuncin kotu mai shafuka da dama tana ɗaukar bayani. Ranar da ta rubuta jarrabawa da kanta a kwamfuta, ba tare da ta faɗa wani na rubuta mata ba, ta biyo ofis ta gaya mana cewa wannan ne karon farko da ta koma kan amsarta ta gyara jimla yadda take so. Wanda ake rubuta wa jarrabawa ba ya samun wannan damar sosai, domin yana jin kunyar cewa a soke a sake.

Wannan shi ne babban dalilina. Kwamfuta tana ba ɗalibi karatu da rubutu a lokaci guda, kuma abin da ya rubuta malaminsa zai iya karantawa kai tsaye, ba sai an nemo mai fassara ba. Zai yi rajistar kwas da kansa, ya duba sakamakonsa da kansa ba tare da wani ya riga shi gani ba, ya aika wa mai duba aikinsa imel. Ƙwarewar kuma za ta bi shi har wurin aiki bayan ya gama. Sannan kwamfuta ɗaya tana amfanar fiye da makafi: mai raunin gani zai ƙara girman rubutu da madubin da ke cikin Windows, mai wahalar karatu saboda matsalar gane haruffa zai saurara yana bin layi da ido.

Sai dai ki sani tun yanzu, manhajar ba ta karanta hoto. Mafi yawan wahalarmu daga nan take. Malami zai ɗauki hoton takardun laccarsa da waya, ya haɗa su a PDF, ya ce ai ya ba da kwafin kwamfuta. Ɗalibi ya buɗe, murya ta yi shiru, domin babu harafi ko ɗaya a ciki, hoto ne zalla. Amfanin sikanar ke nan, tare da manhajar da ke gane haruffa daga hoto ta mai da su rubutu. NVDA ma tana da irin wannan, amma ga littafi sukutum sai an yi aikin a ofis, kuma dole mutum mai gani ya bi ya gyara kurakurai, musamman lambobi da jadawali da sunaye. Rabin aikinki zai zama bin malamai ne, ki roƙe su su turo takardunsu a Word tun kafin lacca, ba mako biyu bayanta ba. Idan wani ya kawo miki zancen haƙƙin mallaka game da juya littattafai, ki duba ko ƙasarku ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda aka ƙulla domin a sauƙaƙa yi wa masu lalurar gani kwafin da za su iya karantawa. Idan kuma sashen kuɗi ya tsaya miki, sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta 2006, ya ambaci ilimin gaba da sakandare ƙarara, da wajibcin yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da halinsa.

Injin Braille kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Lissafi da kimiyyar sinadarai da zane-zane ba sa shiga ta kunne yadda ya kamata, ɗalibi na buƙatar ya ɗora yatsa ya koma baya ya sake bi, shi ya sa tun 1952 Abraham Nemeth ya tsara wa lissafi alamominsa na Braille. Wanda kuma ya haɗa rashin gani da rashin ji, Braille ce hanyarsa. Bayan wannan, namu injin yawancin shekara a rufe yake. Yana da ƙara sosai, sai an ware masa ɗaki ko akwatin rage ƙara. Takardarsa mai kauri ce ta musamman, kuma shafin Braille layi 25 ne na gurbi 40 ko kusa da haka, don haka shafi ɗaya na littafi yakan zama biyu ko uku, littafi guda ya koma kundi da yawa. Yana buƙatar manhajar juya rubutu zuwa Braille irin su Duxbury, da ma'aikacin da ya iya Braille ya duba abin da ya fito. Idan ya lalace, samun mai gyara da kayan gyara aiki ne babba. Kuma shi ma ba ya aiki sai an riga an sami rubutun a kwamfuta, wato ko da shi kika fara sai kin dawo kan sikana da kwamfuta.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu kawo kaya, domin sun san yawancin ofisoshi ba su san waɗannan na'urori ba. Na ga takardar ɗan kwangila da ya rubuta NVDA a jerin kaya ya sa mata kuɗi, alhali kowa na iya sauke ta kyauta daga shafin NV Access. Wasu za su ce sun ɗora JAWS, ashe ta gwaji ce, wadda ke aiki minti 40 ta tsaya sai an sake kunna kwamfutar, ko kuma ta sata ce da za ta mutu ranar da Windows ta sabunta kanta, wataƙila ana tsakiyar jarrabawa. Duk wanda ya ce ya sayar miki da lasisi, ya ba ki lambarsa da sunan jami'arku a kai. Ranar da kika zo sayen injin Braille ma, akwai masu goge tsoho su sa a sabon kwali. Ki tura lambar jikinsa ga kamfanin da ya ƙera shi su tabbatar miki, ki sa a buga shafuka da yawa gaba da baya a gabanki, ki miƙa wa ɗalibin da ya iya Braille ya shafa. Ɗigon da ya kwanta ido ba ya ganewa, yatsa ne ke ganewa. Kada ki sa hannu a takardar karɓar kaya kafin wannan.

Wajen zaɓen kwamfutocin, ki fifita batir mai daɗewa da madannai masu girma waɗanda yatsa ke bambancewa a kan kyawun allo, ki haɗa wa kowace abin sawa a kunne mai waya. Ki rage wani abu daga kuɗin don horo, kuma ki biya ɗalibi makaho da ya ƙware ya koyar da sababbi, ya fi kowane mai gani sanin inda ake tuntuɓe. Kafin ki rubuta takardar neman kayan, ki tara ɗalibanki ki tambayi kowa kwas ɗin da yake yi da yadda yake karatu yanzu. Idan kika tarar da masu lissafi ko injiniyanci da suka taso da Braille, ki nemi makarantar makafi ko wata jami'a mai injin ku yi yarjejeniya su riƙa buga muku takardun jarrabawa kafin ku sayi naku.